Lamba biyu daga jiki ɗaya: kada ki raba lissafinsu

Wata ɗalibar Jami'ar Jihar Gombe ta aiko da tambaya. Ta auna bugun jinin mutane a Pantami da Jekadafari, kowa da lambarsa ta sama da ta ƙasa, ta fitar da matsakaicin kowacce daban da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Malaminta ya ce da saura.

Malaminki yana da gaskiya, 'yata. Ka'idar da kika dogara da ita tsohuwa ce: de Moivre ya fara hango ta a 1733, Laplace ya faɗaɗa ta a 1810. Tana cewa matsakaicin awo masu yawa yakan taru kusa da ainihin adadin, ya yi ta raguwa gefe-gefe, kamar tsibin masara a Tudun Hatsi. Amma ke lamba biyu kike ɗauka daga mutum ɗaya, kuma tare suke tafiya: wanda ta samansa ta hau, galibi ta ƙasansa ma ta hau. Don haka gindin tsibinki ba zagayayye ba ne, dogo ne a karkace, kuma alaƙar lambobin ce ke nuna inda ya karkata. Cramér da Wold sun nuna a 1936 cewa sai kowane haɗin lambobin, jimillarsu, bambancinsu da sauransu, ya bi ka'idar kafin a ce gaba ɗayan ya bi ta.

Ga inda rabawa ke cutarwa. Tabbaci biyu na kashi 95, in babu alaƙa tsakaninsu, a haɗe kusan 90 suke bayarwa. Da abu goma kika auna, sai ya faɗo kusan 60.

Ki lissafa yadda lambobin ke motsawa tare, sannan ki fitar da yankin tabbaci guda na duka biyun. Gwajin Hotelling na 1931 don wannan aka yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kika zaɓi mutanen. Ka'idar tana buƙatar kowane awo ya tsaya da ƙafarsa, alhali mutum takwas na gida ɗaya tukunyarsu ɗaya, gishirinsu ɗaya, jininsu ɗaya. Ki ɗauki mutum guda a kowane gida ta hanyar ƙuri'a. Maganar da ake yi cewa “mutum talatin sun isa” kuwa, ki ajiye ta: kafin kuskure ya ragu da rabi sai kin ninka mutanen sau huɗu, kuma kowane sabon abu da kika ƙara aunawa yana neman ƙarin mutane.