Inshorar Mota Da Ta Gine-gine: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ƙasar Hunkuyi da Kudan da Makarfi da Ikara ƙasar noma ce, kuma rake da tumatir da barkonon da a ke nomawa a mota su ke fita. Saboda haka ba a raba Hakiman wannan yanki na Zazzau da jin maganar haɗari: mota ta buge yaro, ko ta kashe sa, ko ta rushe katanga. Ya kamata su da malamansu su san abin da doka ta tanada.

Tun 1945 aka kafa dokar da ta hana hawa hanya da mota sai da inshorar mutum na uku, ta fara aiki a 1950. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa wanda tsautsayi ya afka wa, watau wanda ba shi cikin yarjejeniyar. Dominsa aka yi dokar. Mai mota ya kan biya kuɗi kaɗan a shekara, kamfani ya ɗauki nauyin diyya in motar ta kashe wani ko ta ji masa rauni. Dokar 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya. A 2025 aka haɗa dokokin nan cikin sabuwar doka guda, tilascin kuwa yana nan.

A Janairun 2023 Hukumar Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta yanka kuɗin shekara: motar gida naira 15,000, babbar motar kaya 100,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000. Diyyar dukiya ta motar gida ta kai har naira miliyan 3, ta babbar mota miliyan 5. Masu babur su ne su ka fi zaton dokar ba ta shafe su ba, alhali ta shafe su.

Amma fa inshorar nan ba ta gyara motar mai ita, ba ta biyan kwandunan tumatir da su ka zube daga bayanta. Mai son wannan sai ya sayi wata dabam. Wanda kuma ya ke da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, waɗanda hukumar ta fitar da ƙa'idojinsu a 2013.

Babbar cutar ita ce takardar jabu. Direbobi da yawa su kan sayi takarda mai araha a hannun dillalai don kawai a nuna wa 'yan sanda, waɗanda su ka tsananta bincike tun 1 ga Fabrairun 2025. Ran da haɗari ya auku sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita. Mai mota ya sayar da gona, ko kuwa iyalin wanda aka buge su tashi hannu wofi. Ana iya duba gaskiyar takarda ta wayar hannu da lambar motar, a rajistar da ƙungiyar kamfanonin inshora ke riƙe da ita.

Ba motoci kaɗai ba ne. Dokar 2003 ta wajabta inshora a kan ginin da jama'a ke shiga, kamar makaranta da asibiti da kanti da gidan haya, saboda gobara ko rushewa.

In maganar haɗari ta zo gaban Hakimi, lalle malaminsa ya rubuta rana da wuri, da lambar mota, da sunan kamfani, da lambar takarda, da sunayen shaidu, sa'an nan a sanar da 'yan sanda. Sulhu abu ne mai kyau, amma kada a yi garaje. Yawancin takardun inshora sun hana mai mota amsa laifi ko yanka diyya ba da sanin kamfani ba, in ya yi haka kamfani na iya ƙin biya. A fara aika wa kamfani labari a rubuce, malami ya ajiye kwafi a ofishin Hakimi, kana a zauna sulhu.