Alƙalami: Daga Girka Zuwa Sabo

A Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, almajiri na cewa alƙalami, maƙwabcinsa Bayarabe kuma na cewa kalamu. Zan so mu bi sawun wannan kalma, domin ɗalibai da yawa kan tsaya a Larabci su ce an kai ƙarshe. Alhali kuwa qalam ɗin Larabci shi ma baƙo ne. Masana sun danganta shi da kalmar Girkanci kalamos, wato kara, irin wanda ke fitowa a bakin ruwa, ana fere shi a yi rubutu.

Ashe ma'anar farko ba ta ɓata a wurinmu ba. Malamin makarantar allo har yau kara yake ferewa ya tsoma a tawada, kamar yadda marubucin Girka ya yi shekaru fiye da 2000 da suka wuce.

Kalamos tana da dangi. Latinanci ya are ta ya ce calamus, amma yana da tasa ta gado, culmus, tsinken hatsi. Jamusanci na da Halm, Rashanci na da soloma, duk daga tushe ɗaya na Indo-Turai. A nan ɗalibi ya kiyaye: gado daban, aro daban. Halm 'yar uwar kalamos ce ta jini, amma qalam, da kalem na Turkanci, da kalamu na Suwahili, duk ta hanyar aro suka zo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bambancin da ake ji a Sabo. Bahaushe ya haɗiye al- ta Larabci ya mayar da ita jikin kalma, kamar a alƙali da albasa da allo, ya juya q ta koma ƙ, ya rufe da wasalin i. Har jam'i ya yi mata irin nasa: alƙaluma. To, Yarabanci na da alubosa da alubarika, masu ɗauke da al- kamar na Hausa, shi ya sa ake ganin ta bakin Hausawa suka shiga. Amma kalamu ba ta da al-, ga kuma u a ƙarshe, daidai da yadda mai karatun nahawu ke furta qalamu. A ganina wannan daga littafi malaman Yarabawa suka ɗauko ta, ba daga bakin fataken goro da shanu na Sabo ba.