Saitin Kiɗan Mota: Kowace Lasifika da Rabonta

Duk wanda ke shiga bas ko keke Napep daga Sabon Tasha zuwa Kakuri ya san wannan: wata kiɗanta na fita tas, wata kuma sai ƙara kamar ana dukan gwangwani. Sau da yawa lasifikokin iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin saiti, kuma darasin sauti ne da muka yi a ajin fiziks.

Sauti jijjiga ce, ana ƙirga yawanta a daƙiƙa da ma'aunin haz. Lafiyayyen kunne yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, kuma da wuya lasifika guda ta iya ɗaukar wannan duka. Babbar wufa ta iya amo mai kauri irin na ganga. Matsakaita su ke fitar da muryar mawaƙi, ƙaramar tuwita kuma siririn amo. Abin da ke raba musu aikin shi ne kurosoba.

A jikin amfilifaya za mu ga rubutu biyu. LPF yana barin amo mai kauri kaɗai ya wuce zuwa wufa, HPF kuma yana tare shi kada ya isa matsakaita. Masu saiti sukan fara da ajiye su duka a haz 80. In aka manta da HPF, ƙaramar lasifika za ta yi ta kokawa da amon da ya fi ƙarfinta har ta yage. In kuwa aka sa LPF a 60, HPF a 120, an bar rami a tsakiya, sai kiɗan ya fito fayau.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne maɓallin GAIN. Direbobi da yawa sun ɗauka na ƙara murya ne, sai su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa daidaita ƙarfin da ke fitowa daga rediyo da abin da amfilifaya ke iya karɓa. Mu mayar da shi ƙasa, mu kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, sannan mu riƙa ɗaga shi a hankali. Da sauti ya fara shaƙewa, mu koma baya kaɗan, domin shaƙewar nan ce ke ƙona tuwita. Wufa ita ce ta ƙarshe, a ɗaga ta daidai yadda ba za ta danne murya ba.

Lasifika dai in ta ƙone akwai wata a kasuwa. Kunne fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin desibel 80 iyakarsa awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mu minti kaɗan muke yi mu sauka a ƙofar makaranta. Direba kuwa nan yake wuni, kuma da kunnen nan zai ji hon ɗin tirela a kan titin Kachia.