Darasin Da Na Koyo A Dambam Game Da Kayan Koyarwa Na Zamani

 Ina roƙon gafarar malamanmu, domin ba al'ada ba ce ɗalibi ya tashi yana ba da shawara gaban waɗanda su ke koya masa. Abin da ya sa na yi ƙarfin hali shi ne kunyar da na sha a wurin gwajin koyarwa, ba na kuwa so wani ɗan'uwana ya sha irinta.

An tura ni wata makarantar sakandare a ƙasar Dambam. Ran da na fara shiga aji na ƙarshe, sai na tambayi yara ko su wane ne suka taɓa aiki da kwamfuta. Hannu uku kaɗai na gani a sama. Alhali kuwa tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga manyan makarantu da fensir da takarda, sai da kwamfuta. Watau yaro yana iya sanin lissafinsa ƙwarai, amma ya je ya faɗi don hannunsa yana rawa gaban na'urar da bai saba da ita ba.

Shugaban makarantar, dattijo mai kirki, ya miƙo mini mabuɗin wani ɗaki inda a ke ajiye kwamfuta biyar da majigi ɗaya. Ya ce, "Malam, kai ne ka fito daga kwaleji, sai ka taimake mu." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Kashegari na tara yara, na ɗauko majigi, amma na rasa ramin da zan sa wayarsa. Na juya nan, na juya can, gumi yana keto mini, yara suna ƙunshe dariya, har aka buga ƙararrawa. Ga shi kuwa na ci jarrabawar darasin kwamfuta a kwaleji da maki mai kyau. A takarda na ci ta, hannuna bai san kome ba. Laifin nawa ne, gama shekara biyu ina wuce ƙofar ɗakin kwamfuta ba na shiga sai ranar da aka tilasta mini.

Daga nan na zauna na yi tunani, na kuma yi tambaya wurin waɗanda suka fi ni sani. Ga abin da na samo, kashi shida.

Na farko, mu san abin da ke akwai. Ƙasar Katagum ba ta rasa manyan makarantu ba. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, ga jami'ar jiha a Gadau wadda yanzu a ke kira Jami'ar Sa'adu Zungur, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Da yawa daga gine-gine da na'urorin irin waɗannan makarantu asusun TETFund ne ya ke biyan kuɗinsu, asusun da dokar 2011 ta kafa, da harajin da aka karɓa daga ribar kamfanoni. Ashe dukiyar jama'a ce, ba ado ba ne na nuna wa baƙi. Ya kamata kowane malami da kowane ɗalibi ya ɗauki rana guda ya zaga ɗakin kwamfuta da laburare, ya tambayi ma'aikatan wurin abin da su ke da shi, da lokacin buɗewa, da yadda a ke aro. Ma'aikatan nan sun san abubuwa da yawa, sai dai ba a cika tambayarsu ba.

Na biyu, darasi shi ne gaba, na'ura tana biye. Kafin malami ya ɗauko majigi, sai ya tambayi kansa, me wannan zai nuna wanda alli da allo ba za su iya nunawa ba? In rubutu ne kawai zai haska a bango yara su kwafa, to, allo ya fi sauƙi, ba ya kuwa bukatar wuta. Amma in yana so ya nuna yadda jini ke zagaya jiki, ko yadda inuwar duniya ke rufe wata a daren husufi, ko yadda Kogin Jama'are ya ratsa ƙasar Katagum ya haɗu da na Haɗeja, ruwansu ya nufi Tafkin Chadi, a nan ne hoto mai motsi na minti uku ya fi bayanin rabin sa'a. Kakanninmu sun san haka tun zamanin da motar majigi ta ke zaga garuruwa da dare ana nuna wa mutane sha'anin tsabta da noma.

Na uku, mu yi guzuri. Intanet ɗin da mu ke samu a kwaleji ba lalle ne mu same shi a ƙauyen da za a tura mu ba. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Tun muna nan sai mu sauke littattafai da hotuna da taswirori mu adana a waya ko a filashi, mu jera su aji aji. Jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, tana ajiye littattafan darussanta a intanet, kowa yana iya saukewa kyauta. Akwai kuma wata manhaja mai suna Kiwix wadda ke ba mutum damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, in ya riga ya sauke ta. Amma a yi hattara. Ba duk abin da na'ura ta faɗa ne gaskiya ba. Google ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke fassarawa tun 2013, har yanzu kuwa yakan yi kure, balle a karin magana. Malami ya gwada abin da ya samo da littafin da aka amince da shi kafin ya kai wa yara.

Na huɗu, mu yarda mu kalli kanmu. A shekarar 1963 malaman Jami'ar Stanford a Amurka suka fito da wata dabara ta horad da malamai. Ɗalibi zai koyar da ɗan gajeren darasi na minti biyar ko goma ga mutane kaɗan, a duba inda ya yi daidai da inda ya kauce, sa'an nan ya sake. Daga baya ɗaukar hoton bidiyo ya zama babban sashe na wannan dabara. Yau wayar hannu ma ta isa. Da abokina ya ɗauke ni, na ga ashe ina juya wa yara baya ina magana da allo, kuma gefen dama kaɗai na ke jefa wa tambaya. Malamai biyu sun taɓa gaya mini haka ban yarda ba. Gani ya kori ji.

Na biyar, mu kula da kayan. A ƙasarmu maƙiyan na'ura uku ne: ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ba zato. Maganinsu ba shi da tsada. A rufe kwamfuta da ƙyalle in an gama aiki, a cire waya daga bango in an ɗauke wuta, a bar majigi ya huce kafin a mayar da shi jaka, a riƙa goge farantan sola da safe don ƙura tana rage musu ƙarfi. A ajiye littafi a ɗakin, duk wanda ya ga abu ya lalace ya rubuta. Kulle ɗaki don tsoron ɓarna ba adana ba ne, gama batirin da aka bari ba caji shi ma mutuwa ya ke yi. Har ila yau, kowane darasi na majigi ya zama yana da ɗan'uwansa na allo a aljihu, saboda ranar da wuta za ta ƙi zuwa.

Na shida, kada mu manta da harshenmu. Yawancin wayoyi yanzu suna karɓar madannai na Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ. Malamin da ya buga "kasa" alhali "ƙasa" ya ke nufi ya koya wa yara kure, ko da bai yi niyya ba.

Yanzu sai roƙona ga malamanmu. Yadda aka koya mana, haka za mu je mu koyar. In mun ga malaminmu yana aiki da majigi, in kuma wata rana ya ce, "Kai, zo ka haɗa," ko da za mu ɓata masa minti goma, to, wannan minti goma ya fi mana shafi ashirin na bayani. Mu ma kanmu jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, da kwamfuta za mu yi ta.

Ga yadda labarin Dambam ya ƙare. A ƙarshen mako na dawo Azare, na sami wani ma'aikacin ɗakin kwamfuta na gaya masa abin da ya same ni. Bai yi mini dariya ba. Cikin rabin sa'a ya nuna mini, ya sa na haɗa na kwance sau uku. Da na koma, na raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace tana da ranarta bayan an tashi. Muka fara da kunnawa da kashewa, sa'an nan buga suna, sa'an nan zaɓen amsa da A, B, C, D, da matsawa gaba da komawa baya. Kafin in gama wa'adina, wata yarinya wadda da farko ta ƙi taɓa na'urar don tsoron kada ta lalata, ita ce ke nuna wa 'yan'uwanta.

Ban san ko nawa ne daga cikinsu za su ci jarrabawa ba. Amma na tabbata ba wanda zai faɗi don bai san inda zai danna ba. 'Yan'uwana ɗalibai, ɗakin nan yana buɗe. Mu shiga tun muna da mai nuna mana.

Daga wani ɗalibin aji uku