Wankan Citta a Hunturun Katsina: A Lura Kafin a Ɗora Tukunya

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke dusashe hasumiyar Gobarau, wanka kan zama abin da yaro da babba ke ja da baya a kansa. Wasu gidajen kan jefa citta a ruwan wanka don jiki ya yi ɗumi, gajiya ta sake. Dabara ce mai daɗi, sai dai ɗumin na gaskiya daga ruwan zafin yake fitowa. Citta tana tsikarar fata ne har a ji kamar ana gasa jiki, shi ya sa yawanta ke zama azaba.

1. Ku ce wa mai kayan yaji citta mai yatsu kuke so, ba mai ƙwaya ba. Yawancin wadda ake kasawa a Babbar Kasuwa daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kafanchan, kuma cutar da ta afka wa gonakinta a 2023 ta sa ta yi tsada. Abin farin ciki, kaɗan ake buƙata. Busasshiya ta fi ɗanya zafi, sai a rage hannu.

2. Yatsa biyu na ɗanya sun ishi bokiti guda. A daddaka, a tafasa a ƙaramar tukunya kamar minti 10, a tace da rariya, a juye a bokiti, a sirka da ruwan sanyi. Uwargida, don Allah ki wanke turmin tukuna. Na taɓa yin wanka da cittar da aka daka bayan attaruhu, na fito ina fifita bayana da faifai, yara na ta ƙyalƙyala dariya. Garin yajin da aka haɗa da barkono kuwa, wurinsa tuwo.

3. Ranar farko a shafa ruwan a cikin damtse, a jira kaɗan. In wurin ya yi ja ko ya hau ƙaiƙayi, a haƙura.

4. Daga wuya zuwa ƙasa kawai. Ban da fuska, ban da al'aura, ban da inda faso ya tsage ko ƙurji ya fashe. Jarirai da ƙananan yara a bar su da ruwan ɗumi zalla.

5. Tsoho mai ƙorafin sanyin ƙafa ba sai ya yi wanka gaba ɗaya ba. Bayan Isha a zuba masa a roba ya tsoma ƙafafu minti 15, ya goge, ya sa safa. Amma in yana da ciwon suga, wani ya fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, domin ciwon kan kashe jin ƙafa, mutum ya ƙone bai sani ba.

6. A nan zan ɗan tsaya, saboda iyayenmu masu kula da mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin jego da yawan kunun kanwa. Wadda take fama da wannan zafin har kwana 40, ƙara mata citta ba gata ba ne. Gwaggo, a sassauta wutar. Mai ciki da mai hawan jini su ma ruwansu kada ya wuce ɗumi, kuma wanda ya ji jiri ya zauna nan take.

7. Kada a shiga banɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

8. Da an fito a shafa man kaɗanya tun jiki na da danshi, a rufa, kada a tsaya hira a tsakar gida.

Wanda sanyinsa ya zo da zazzaɓi, ko tari mai hana numfashi, a sauke tukunyar a kai shi asibiti.