Hayaƙin Murhu da Hayaƙin Asibiti



Duk wanda ya ratsa Briqueterie bayan Magariba ya san abin da ke fara tarbar hancinsa: hayaƙin masu soya, ga na taksi da babura, ga na murhun gidaje. Mun saba da shi har mun daina ganinsa. To amma 'yan'uwa ɗalibai, hayaƙin nan abu biyu yake ɗauke da su. Akwai ƙurar toka ƙanana wadda ke shiga huhu ta jawo tari, asma da ciwon zuciya. Akwai kuma iskar kabon, ita ba ta da wari, sai ta taru a sama ta riƙe zafi, duniya ta ƙara ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa, don su ke zama kusa da murhu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, asibitin da muke gudu can neman magani, shi ma yana cikin masu fitar da kabon. Wani rahoto na ƙungiyar Health Care Without Harm a 2019 ya nuna fannin lafiya na fitar da kashi 4.4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Da a ce ƙasa ce, da ita ce ta biyar! Mafi yawansa ma ba daga ɗakin majinyata yake fitowa ba, daga ƙera magunguna da kayan aiki ne, da jigilarsu.

A nan Kamaru, yawancin wutarmu daga ruwa take, daga madatsun kogin Sanaga irin su Edéa, Song Loulou da Nachtigal mai megawat 420. Wannan wuta ba ta hayaƙi. Amma da zarar an ɗauke ta, dole asibiti ya tayar da janareta, wanda muke ce wa gurup, ya yi ta ƙona gazuwal. Ba a ga laifinsa ba, ai ba za a bar mutum a kan teburin tiyata cikin duhu ba. Faifan sola na rage wannan nauyi, musamman wajen firjin ajiye allurar rigakafi.

Ina namu hannun a ciki? A darasin fiƙihu an koya mana cewa cuta ana gusar da ita, kuma jiki amana ne. Duk tarin da aka kauce masa tun daga gida, an rage kuɗin taksi, an rage magani, an rage sharar da asibiti zai ƙona. Ban ce masu soya su bar sana'a ba, da ita ake ciyar da gidaje da yawa, ni kaina ba na wuce ta. Amma hura wuta da leda fa? Wannan guba ce, a daina. A yi girki inda iska ke wucewa, a janye jariri daga bakin murhu. Kuma kada a taɓa kwana da gawayi a ɗaki rufe, ko da ruwa ake yi ana sanyi, domin yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum yana barci.

Wallahu a'alam.