Darasi: Kwana biyu a makarantar daji

A ƙasar Damagaram, yaro na da yana tashi da sanin daji. Yana bin uba zuwa gona, yana bin bisashe zuwa kiwo, yana bin maharba. Yau yara da yawa suna zuwa makarantar boko ko ta allo, samari kuma suna tafiya cin rani. Karatu abu ne mai kyau. Amma yaron da bai san daji ba yana iya ɓata, ko ya ci abin da zai kashe shi, ko ya ta da gobara. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan ilimi yana wurin tsofaffi: manoma, makiyaya, maharba da mata masu ɗibar ganye. Kowane gari yana iya shirya kwana biyu, Asabar da Lahadi ko lokacin hutu, domin tsofaffi su koya wa yara. Ga yadda za a yi.

Shiri

A shaida wa maigari inda za a je da lokacin komowa. Kada a yi nisa da gari. Yara goma sun isa ga babba biyu. Kowa ya ɗauki gorar ruwa, sanda, takalmi da malafa. Babba ya riƙe ashana, wuƙa da ƙyalle mai tsabta.

Ranar farko da safe: sanin hanya

Rana tana fitowa gabas, tana faɗuwa yamma. Da safe inuwar mutum tana nuna yamma. Da marece tana nuna gabas. Wanda ya fuskanci gabas, arewa tana hagunsa, kudu tana damansa.

Iska ma tana nuna hanya. Iskar hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas. Hadarin damana yakan taso daga gabas.

Mai tafiya ya riƙa waiwaye, ya riƙe alama: babbar kuka, dutse, suri ko rijiya. Wanda ya ɓata kada ya yi gudu. Ya zauna a inuwa, ya tanadi ruwansa, ya saurari carar zakara, kukan jaki ko ƙarar daka. Hanyar bisashe da ta sha taku takan kai rijiya ko gari.

Ranar farko da rana: neman ruwa

Ƙishirwa ta fi yunwa saurin kisa. Inda goriba da giginya suka yi yawa, ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Haka yake a kwarin Korama, kudu da birnin Damagaram. Da marece kurciyoyi sukan nufi wurin ruwa.

Ruwan tabki yana ɗauke da cuta. A tace shi da ƙyalle, a tafasa shi, sannan a sha. Tace ruwa yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da wannan cuta. Amma zawo yana nan, saboda haka a ci gaba da tafasa ruwa.

Ranar farko da marece: abincin daji

Ana cin ƴaƴan magarya, aduwa, kanya, tsamiya, goriba da kuka. Ana dafa ganyen tafasa, yaɗiya da jiga. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, da ta 2005, waɗannan itatuwa sun ceci mutane da yawa.

Anza tana da nata ƙa'ida. Ƙwayarta tana da ɗaci mai cutarwa. Sai an jiƙa ta kwanaki, ana canza ruwa, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wanda ya yi gaggawa zai yi ciwon ciki. Yau a birnin Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa anza da wasu ƴaƴan itatuwa, yana sayarwa. Abincin da ake kira na yunwa ya zama abin kasuwa.

Akwai kuma abin gudu. Ba a cin ƴaƴan zurma, ko na bini-da-zugu, ko na zaƙami. Nonon tumfafiya yana ɓata ido. Doka guda ce: abin da babba bai nuna ba, yaro kada ya kai shi baki.

Da dare: wuta da taurari

Kafin a hura wuta, a share ciyawa taku uku ta kowane gefe. A yi amfani da busasshen icce da ya faɗi. Ba a hura wuta idan iska ta yi ƙarfi. Kafin a tashi, a rufe ta da rairayi, a taɓa da hannu a tabbatar ta mutu. Bayan damana, guntun garwashi ɗaya yana iya cinye makiyaya mai faɗi, kamar yadda yake faruwa a wajen Tanut da Gure. Ciyawar da ta ƙone ba ta komowa sai wata damana.

Bayan abinci, tsoho ya nuna taurari. Tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa a sararin sama, kuma ba ya barin wurinsa duk dare. Shi ne jagoran matafiyi. A nuna wa yara Kaza da ƴaƴanta. Wanda ya tashi da asuba yana iya ganin gamzaki a gabas, a lokacin fitowarsa.

Rana ta biyu da safe: karatun sawu

Da sassafe rairayi kamar allo yake. Duk abin da ya wuce da dare ya bar rubutu: zomo, bushiya, dila, zabon daji, damo, gafiya. Maharbi ya nuna sabon sawu da tsoho. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, tsoho kuwa iska ta shafe gefensa. Tsuntsaye ma suna ba da labari. Zuwan shamuwa alama ce damana ta kusa.

A nan ake koyon kiyaye maciji. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana kisa. Kasa takan kwanta shiru a kan hanya. Kada a sa hannu cikin rami ko suri. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama.

Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da ƙarfi. A cire zobe da munduwa. A kwantar da shi, kada ya motsa gaɓar, a kai shi likita nan take. Idan gamsheƙa ta tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a tafi likita.

Rana ta biyu da marece: kiyaye icce

Darasin ƙarshe a gindin gawo ake yin sa. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani yana ba da inuwa, ƴaƴansa abincin bisashe ne, ganyensa taki ne. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani.

Bayan yunwar 1984 manoman Magarya, Matamaye da Mirriya sun koma barin ƴaƴan gawo a gonakinsu. Ana kiran wannan aiki sassabin zamani. Manomi yana zaɓen tsiro mafi ƙarfi a kututture, ya rage sauran, ya kiyaye shi daga awaki. Kowane yaro ya gwada da hannunsa.

A dajin Takeita, kan hanyar Maraɗi, manoma da makiyaya sun kafa ƙungiyar Ku Tayani domin kula da dajinsu tare. Garin da yake son ƙarin bayani ya nemi ma'aikatan gandun daji na yankinsa.

Kwana biyu ba su isa a san daji duka ba. A maimaita da damana, da kaka, da rani, domin kowane lokaci da nasa darasi. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu daga bakin tsofaffi, a ajiye littafin a wurin karatun manya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Wanda ya fuskanci gabas, ina arewa take?
2. Yaya ake gyara anza kafin a ci?
3. Waɗanne abubuwa uku ne ba a yi wa wanda maciji ya sara?
4. Mene ne amfanin gawo a gona?
5. Su wa suka fi sanin daji a garin nan? Yaushe za a je wurinsu?